Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Lafiya da Ministan Ƙwadago: A Ƙirga Mana Awowinmu, a Biya Mu Bashinmu

Masu girma Ministoci, ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma a wani babban asibitin jiha a nan Arewa. Na daɗe a aikin har na ga yaran da na koya wa ɗaura ruwa da karɓar haihuwa sun zama shugabannin ɗakunan jinya, wasunsu kuma sun tattara nasu ya nasu sun bar ƙasar. Da gangan na haɗa ku ku biyu a takarda ɗaya, domin maganar da ke tafe da ni ta daɗe tana yawo tsakanin ofisoshinku. In an je ma'aikatar lafiya, a ce ai batun albashi ne, a nufi ma'aikatar ƙwadago da hukumar tsara albashi. In an je can, a ce ai ma'aikatar lafiya ce ta san yadda ake tsara aikin asibiti. Kowa ya tura wa ɗan'uwansa, mu kuwa muna tsaye a bakin gadon majinyaci.

Kukan namu kashi biyu ne, amma tushensu ɗaya. Awowin da ma'aikacin lafiya yake yi bayan lokacin tashinsa babu mai ƙirga su, balle a biya shi. Ɗan abin da aka amince za a biya shi kuwa, sai ya yi watanni, wani lokaci shekaru, yana jira.

Bari in fara da yadda aikin yake a zahiri, ko da yake na san Ministan Lafiya ba baƙo ba ne a ɗakin majinyata. A galibin asibitocinmu an raba yinin ma'aikatan jinya gida uku: dutin safe, na yamma da na dare. A takarda kowa yana da lokacin kamawa da na tashi. Amma ƙa'idar aikinmu ita ce ba ka barin majinyaci sai ka miƙa shi hannun wanda ya karɓe ka. In wadda za ta karɓe ni ba ta zo ba, saboda ɗanta ba shi da lafiya, ko ba ta samu abin hawa ba, ko kuma dama babu ita domin ta ajiye aiki tun watan jiya ba a maye gurbinta ba, to ni zan zarce. In mace tana kan gwiwa jini ya ɓalle mata daf da lokacin tashina, ba zan cire safar hannu in ce lokaci ya yi ba. Babu ma'aikaciyar jinya mai imani da za ta yi haka, kuma ba ma neman a ba mu damar yin haka. Abin da muke tambaya shi ne, waɗannan awowin ina suke tafiya? Sunana yana cikin littafin rahoton dare, sa hannuna yana kan katin maganin majinyaci da ƙarfe uku na dare, amma a ofishin albashi ba a san na kwana a asibiti ba.

Na likitoci masu neman ƙwarewa ya fi namu muni. Likita ya shigo da safe ya yi zagayen ɗakuna, ya ga marasa lafiya a kilinik, da yamma ya karɓi aikin kwana, ya raba dare tsakanin ɗakin gaggawa da ɗakin tiyata, gari ya waye ya wanke fuska ya sake shiga zagaye. Ana wuce awa talatin a tsaye, kuma a wasu sassan da likitoci suka yi ƙaranci, yau da gobe da jibi mutum ɗaya ne a kan kira. Sai da ta kai ƙungiyarsu ta NARD ta umarci 'ya'yanta cewa daga 1 ga Oktoban 2025 kada wanda ya ƙara wuce awa 24 a jere yana aikin kwana. Ranku ya daɗe, ku dubi wannan da kyau. Ƙungiyar ƙwadago ce ta yanka wa likita iyakar awowin da zai yi yana riƙe da wuƙar tiyata, ba doka ba, ba ma'aikata ba. Umarnin ƙungiya kuwa ba ya ɗaure shugaban asibiti, kuma ƙaramin likitan da ke jiran sa hannun babbansa kafin ya zauna jarrabawa ya san abin da zai biyo baya in ya ce ya gaji.

Za a ce mana ai ana biyan alawus na aikin kwana da na duti. Gaskiya ne, suna cikin tsarin albashin likitoci na CONMESS da na sauran ma'aikatan lafiya na CONHESS tun da aka fito da su a 2009. Sai dai waɗannan alawus ɗin an yanka su ne bisa matakin albashin mutum, ba bisa yawan awowin da ya yi ba. Wadda ta kwana sau huɗu a wata da wadda ta kwana sau goma sha biyu, in dai matakinsu ɗaya, abu ɗaya za su gani a takardar albashi. Lokacin da aka tsara haka, an ɗauka akwai isassun mutane da za su raba nauyin. Yau babu su.

A nan ne maganar ta haɗu da ta ficewar ma'aikata, kuma a nan nake so ku daɗe. A 2025 Farfesa Muhammad Ali Pate, yana Ministan Lafiya, da bakinsa ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar Najeriya cikin shekaru biyar zuwa bakwai. Hukumar kula da aikin jinya da ungozomanci ta ce a farkon 2024 fiye da ma'aikatan jinya 42,000 sun fita cikin shekaru uku. Ana faɗin waɗannan alƙaluma ana jimami, amma ba a cika bin su zuwa ƙarshensu ba. Duk wanda ya tafi, albashinsa ya tsaya, kuɗin ya zauna a asusun gwamnati. Marasa lafiyarsa kuwa ba su bi shi Ingila ko Saudiyya ba. Suna nan, kuma sun koma hannun wanda ya zauna. Ɗaukar sabon ma'aikaci sai an nemi izini an jira, abin da ya sa likitoci suka yi ta neman a ba shugabannin asibitoci damar maye gurbin duk wanda ya tafi nan take. Kafin izinin ya fito, mutum ɗaya yana aikin mutum uku a kan albashin mutum ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kuma wanda ya gaji da shan bugun shi ne zai fara neman takardun fita, nauyin ya ƙara taruwa a kan na baya.

Maimakon a duba wannan, sai muka ga ana neman ɗaure mana ƙafa. A 2023 an kawo ƙudiri a Majalisar Wakilai na a tilasta wa sabon likita aikin shekara biyar a gida kafin a ba shi cikakken lasisi. A Fabrairun 2024 aka fito da ƙa'idar cewa ma'aikacin jinya sai ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardunsa na fita, har 'yan'uwanmu suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. A Agustan shekarar aka amince da sabuwar manufa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, mai ɗauke da kalamai masu daɗi. Ni dai a ɗakin da nake aiki ban ga wadda ta fasa tafiya saboda manufa ba. Na ga waɗanda suka fasa saboda tsohuwa a gida, ko miji ya ƙi, ko kuɗin jarrabawar turanci ya gagara.

Mai girma Ministan Ƙwadago, yanzu maganar taka ce. Dokar Ƙwadago ta ƙasar nan, wadda asalinta tun 1971 ne, ta ce a sashe na 13 lokacin aiki ana yanka shi ne ta hanyar yarjejeniya, kuma duk abin da ma'aikaci ya yi sama da haka ƙarin lokaci ne. Ta ce a ba shi hutun yini guda cikin kowane kwana bakwai. Sashe na 15 ya hana a bar lada ta wuce wata ba a biya ba. Amma dokar ba ta faɗi nawa za a biya a kan kowace awa ta ƙarin lokaci ba. Abin da ya fi wannan ciwo yana sashe na 91, inda aka bayyana wanda dokar take nufi da ma'aikaci, aka cire masu aikin gudanarwa da na fasaha da na ƙwarewa. Likita, ma'aikaciyar jinya, mai harhaɗa magani, mai gwajin jini, duk lauyan ma'aikata zai iya tashi a kotu ya ce ƙwararru ne, dokar ba ta rufe su ba. Wato karatun da muka yi shi ya fitar da mu daga inuwarta. An rubuta ta a zamanin da ake ganin duk mai takardar ƙwarewa babban mutum ne da zai iya zama ya yi ciniki da mai ɗaukarsa aiki. Ku je ku gaya wa yarinyar da ta fito daga makarantar jinya bara, tana aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a bayan gari, cewa ta yi ciniki.

Asibitocin kuɗi su ne inda abin ya fi ɓoyuwa, domin babu ƙungiya, babu yajin aiki, babu ɗan jarida. Akwai masu tsoron Allah a cikin masu su, ban musa ba. Amma akwai inda ake ɗaukar ma'aikaciya da baki, babu takardar ɗaukar aiki duk da cewa sashe na 7 na dokar ya ce a bayar cikin wata uku, ta yi awa goma sha biyu kullum, albashinta bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba. Dokar mafi ƙarancin albashin ma ta yafe wa wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma yawancin ƙananan asibitoci a nan suke fakewa. Ranar da ta nemi kuɗin watanni biyun da take bi, a ce mata kasuwa ba ta tafiya, in ba za ta iya ba ga ƙofa nan.

Ba sabon abu muke nema ba. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi a 1919 a kan lokacin aiki ce: awa takwas a yini, 48 a mako, kuma ƙarin lokaci a biya shi da ƙarin aƙalla rubu'i a kan ladan da aka saba. A Amurka tun 1940 doka ta ce abin da ya haura awa 40 a mako a biya shi ninki ɗaya da rabi, kuma ma'aikacin da aka danne wa wannan kuɗi yana iya karɓo shi a kotu har da diyya kwatankwacinsa. A Ingila, inda yaranmu suke tururuwa, ƙaramin likita yana da hanyar shigar da rahoto duk ranar da ya wuce lokacinsa, a biya shi ko a rama masa da hutu, kuma kowane asibiti yana da jami'in da aikinsa ke nan, sa ido a kan awowi. Ba na cewa aljihunmu ɗaya da nasu. Amma rubuta lokacin shiga da na fita ba ya buƙatar arzikin Ingila.

Sai batu na biyu, bashin da muke bi. A nan ba sai na kawo labarin kaina ba, tarihin yajin aikin shekarun nan ya isa. A ranar 1 ga Afrilun 2021 likitoci suka ajiye aiki, babban dalili kuwa shi ne sababbin likitoci masu horon shekara ɗaya sun yi watanni ba albashi, an maƙale tsakanin tsarin biyan kuɗi na IPPIS da wani tsarin. Yara ne da suka bar gidajen iyayensu, suna kwana a asibiti, suna cin bashi a wajen mai shayi. A watan Agustan shekarar aka sake tafiya yajin da ya kai wata biyu, kuma a cikin kokensu har da likitocin asibitin koyarwa na jihar Abiya da suka haura shekara ɗaya da rabi ba a biya su ba. A 2023 aka amince da ƙarin kashi 25 da kashi 35 cikin ɗari a kan albashin ma'aikatan lafiya. Ariyas ɗin wannan ƙarin, wato bashin watannin da ba a biya ba, yana cikin abin da ya sake fitar da likitoci yajin aiki a ranar 1 ga Nuwamban 2025, fiye da shekara biyu bayan alkawari. Mu ma'aikatan jinya, da aka san mu da haƙuri har ana yi mana kallon marasa baki, mun fita yajin gargaɗi a ranar 30 ga Yulin 2025, kuma alawus na duti yana sahun gaba a buƙatunmu.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙare ne iri ɗaya: zama a Abuja har tsakar dare, takardar fahimtar juna, hoto, wa'adin makonni, sannan shiru. In an biya rabi, a fito a gidan talabijin a ce an biya. Ma'aikaci ya duba wayarsa bai ga komai ba, maƙwabta kuwa sun ji a rediyo an ce an saki biliyoyi, sun fara zuwa gaisuwa.

Kuɗin da aka jinkirta ba shi ne kuɗin da aka yi alkawari ba. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a 2024, hauhawar farashi ta kai kusan kashi 35 cikin ɗari a ƙarshen shekarar. Wanda aka riƙe wa naira dubu ɗari a tsakiyar 2023 aka ba shi a ƙarshen 2025, an ba shi adadin, amma ba a ba shi hatsin da kuɗin zai saya a lokacin ba. Gwamnati tana cin tarar wanda ya makara biyan haraji, ɗan kwangila yana neman a sake masa lissafi in kaya sun tashi. Ma'aikaci kaɗai ne ake cin bashinsa ba da yardarsa ba, a mayar masa lokacin da aka ga dama, a kuma jira ya yi godiya.

Alawus na haɗarin aiki ma haka ya sha. Naira 5,000 a wata ake ba mu lokacin da Ebola ta shigo a 2014, ita ce dai lokacin da zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci a Kano a farkon 2020. Sai a Disambar 2021 aka ɗaga shi zuwa tsakanin naira 15,000 da 40,000 gwargwadon mataki, aka kuma ɗauki lokaci kafin ya fara shiga aljihu. Wannan na ma'aikatan tarayya ne. Mu na jihohi sai abin da gwamna ya ga dama.

Akwai kuma takobin da ake zarowa duk lokacin da tura ta kai bango: ba aiki, ba albashi, sashe na 43 na dokar rikicin ma'aikata. An yi amfani da shi a kan 'yan JOHESU, haɗakar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba, bayan yajin Afrilu da Mayun 2018, suka yi shekaru suna bin albashin watannin nan biyu. An yi wa likitoci barazana da shi a 2021 da 2023. Ban zo yin gardama a kan sashen ba, doka ce. Tambayata ita ce, ina ɗan'uwansa? Wane sashe ne yake hukunta babban sakatare ko akanta ko shugaban ƙaramar hukuma da ya karɓi aikin mutane na wata shida bai biya ba? Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu mun yi askin, ladan ne ba mu gani ba, kuma mu ake kira marasa tausayi. Ku da ni mun san hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, mun san wanda ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Ba wa'azi na zo yi muku ba, kun fi ni sani. Na ambata ne domin a daina kiran biyan ariyas da sunan tagomashi ko kyautatawa.

Duk wannan da na lissafa na masu ƙungiya ne, masu iya rufe asibitin koyarwa har a kira su Abuja. Ƙasa da su akwai jama'ar da ba a jin muryarsu sam. Akwai ma'aikatan lafiya na matakin farko a ƙauyuka, mace ɗaya a ɗakin shan magani ita ce mai awo, ita ce mai rigakafi, ita ce mai karɓar haihuwa da fitilar waya, gidanta a jikin asibitin, ba ta san wani abu wai shi lokacin tashi ba. Akwai waɗanda ake kira 'yan sa-kai, masu takardar shaidar karatu, da suke shekaru suna aiki kyauta ko a kan ɗan abin sabulu, da fatan ranar da za a ɗauki ma'aikata a tuna da su, ranar ta zo a kawo sunaye daga sama. Akwai masu shara da masu gadi da masu tura gadon majinyata, waɗanda aka miƙa wa kamfanonin kwangila. Asibiti ya ce ya biya kamfani, kamfani ya ce ba a sake masa kuɗi ba, matar da ke wanke jinin ɗakin haihuwa ta koma gida hannu rabbana. Na san za ku ce waɗannan na jihohi ne da ƙananan hukumomi. To amma kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda Dokar Lafiya ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, ta hannunku yake bi, kuma akwai sharuɗɗan da jiha take cikawa kafin ta karɓa. Me zai hana biyan ma'aikata a kan lokaci ya zama ɗaya daga ciki?

Wani zai ce a je kotu. Hanyar tana nan: tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron duk ƙarar da ta shafi rashin biyan albashi da alawus, kuma tana da rassa a Kano da Kaduna da Jos da wasu biranen. Ina ma shawartar 'yan'uwana su riƙa adana takardar ɗaukar aiki, da takardun albashi, da hoton jadawalin duti na kowane wata, domin ranar da za a buƙace su. Amma alƙali da hujja yake aiki. Wanda ya ce ya yi ƙarin awa ɗari, za a ce ya kawo shaida, shaidar kuwa tana hannun wanda yake ƙara, in ma an rubuta ta. Ga kuɗin lauya, ga shekarun shari'a, ga tsoron a wurga ka wani ƙauye mai nisa da sunan canjin wurin aiki. In ka yi nasara a kan gwamnati, karɓo kuɗin wani sabon yaƙi ne.

Ba zan ɓoye namu laifin ba, domin in na ɓoye za a ɗauki sauran maganata da wasa. A cikinmu akwai wanda sunansa ke kan jadawalin kwana amma yana asibitinsa na kuɗi, sai an yi ta kiran waya. Akwai mai sa hannu wa ƙawarta. Akwai sunayen bogi a takardar albashi da ba a taɓa ganin masu su ba. Gabar da ke tsakanin likitoci da sauran ma'aikata a kan wa ya fi wa ta cinye mana ƙarfi, har gwamnati ta gane cewa in ta ba wannan, wancan zai tashi, sai ta zauna tana kallo. Kuma duk yajin aiki talaka ne yake biyan kuɗinsa, wani da ransa. Mun sani, mu ne muke karɓar waɗanda suka dawo a makare bayan an janye. Sai dai ku lura, ƙirga awowi maganin wannan ɓangaren ne ma. Rajistar da za ta nuna na yi awa sittin a mako ita ce za ta tona wanda bai yi ashirin ba. Mai gaskiya a cikinmu ba ya tsoronta.

Kuma maganar ba ta aljihunmu kaɗai ba ce. Ma'aikaciyar da ta yi awa goma sha takwas a tsaye ita ce za ta lissafa adadin maganin da za a ɗura wa jariri mai kilo biyu. Direban tirela ma ana ce masa ya tsaya ya runtsa. In kuskure ya faru, ita za a kai gaban kwamitin ladabtarwa, a karɓe lasisinta, babu mai tambayar wanda ya tsara jadawalin.

Abin da nake roƙo, Ministan Lafiya, ka fara da asibitocin da ke ƙarƙashinka, inda ba ka buƙatar izinin kowa. A fitar da umarni a rubuce mai yanka iyakar awowin aiki a jere da na mako ga kowane rukuni, da hutun dole bayan kwana. A mai da jadawalin duti da rajistar shiga da fita takardun hukuma, ma'aikaci ya samu kwafinsa a ƙarshen wata. Abin da ya haura iyaka a biya shi a kan awa, ko a rama da hutu cikin watan, ba hutun baki da ake cewa "za a duba" ba. In kuɗi ake tunani, a fara da albashin guraben da suka zama wofi, tunda an riga an sa shi a kasafi kuma wasu ne suke yin aikin. Ranar da ƙarin lokaci ya fara cin kuɗi, ranar ce shugabannin asibitoci da masu ba da izinin ɗaukar aiki za su ga cewa ɗaukar sabon mutum ya fi araha.

Ministan Ƙwadago, gyaran Dokar Ƙwadago ya daɗe ana maganarsa. A kai wa majalisa gyaran sashe na 91 domin ya rufe duk mai karɓar albashi, a rubuta mafi ƙarancin abin da za a biya a kan awar ƙarin lokaci, a ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin ajiye rajistar awowi, in ya kasa kawo ta a kotu a karɓi maganar ma'aikaci. Albashin da ya wuce wa'adinsa ya riƙa hawa da wani kaso kowane wata, ko gwamnati ce ta riƙe ko ɗan kasuwa. Jami'an sa ido na ma'aikatarka da ke ofisoshin jihohi su riƙa leƙa asibitocin kuɗi kamar yadda ya kamata su leƙa masana'antu.

Sannan ku biyu ku sa a tattara duk bashin da ma'aikatan lafiya suke bi, asibiti bayan asibiti, a wallafa shi kowa ya gani, da ranar da za a biya kowane kaso. Jihohi kuwa kuna haɗuwa da kwamishinoninsu a Majalisar Lafiya ta Ƙasa, wadda Ministan Lafiya yake shugabanta. A zama na gaba a sa wannan batu a ajanda, kowane kwamishina ya zo da lissafin watannin da jiharsa take riƙe wa ma'aikatanta, da adadin 'yan sa-kan da ke riƙe da asibitocinta, ya karanta a gaban takwarorinsa.

Allah ya taya ku riƙo.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma, daga Arewa